Tagar da Ba Ta Cikin Littafi

Litinin, 6 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Da tari na kwana, da shi na tashi. Ƙafar hagu ta kumbura, silifa ta ƙi shiga. Charmaine, nas ɗin da ke duba ni Litinin da Alhamis, ta ce ruwa ne ke taruwa, ta ƙara mini rabin ƙwaya. Ta ce, "Mista Rautio, kai da gishiri sai ka ce akuya." Na ce shekara saba'in da tara muna tare da shi, bai taɓa kai ƙarata ba.

Jiya Dalia ta zo kamar kowace Lahadi, amma ba ta cire kwat ɗinta ba. Tun a nan na san da magana. Dakta Dalia Marchetti ake ce mata a jami'a. Ni na san ta tun tana ɗaliba, tana fasa mini bututun gilashi tana ɓoye ɓaraguzan a aljihun tebur. Shekaru shida na ƙarshe kafin in ajiye aiki, ni nake toya mata girafin, wani siririn gawayi, a tanderu, ita tana aunawa.

Ta ce, "Eino, an kafa mini kwamiti."

Ɗakunan gwaji uku, a ƙasashe uku, sun bi hanyar da ta rubuta a maƙalarta. Girafin ya fito musu sumul kamar faranti, babu igiyoyin da ta nuna wa duniya. Wani ya rubuta wa jami'a cewa a kwamfuta ta zana su. Kwamitin zai zauna ranar ɗaya ga Disamba. In suka yarda da wannan zance, aikinta ya tafi, kuma babu inda za a sake ba ta ko da kujerar zama.

Na ce, "Samfuran ai suna nan. Su duba da idonsu."

Ta ce, "Shekara biyar? Jan ƙarfen ya yi tsatsa, duk sun lalace. Littattafanka kawai suka rage, na miƙa musu. Da su zan kare kaina."

Na ce to.

Talata, 7 ga Nuwamba, ƙarfe uku na yamma

Tari ya ɗan lafa. Ban ci komai ba.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta abin yadda na fahimce shi, ko hannuna ya sami abin yi. Makarantar koyon sana'a kawai na yi, a zamanin da ake lissafi da rula mai zamewa, kafin zuwan kalkuleta. Abin da na sani a bakin tanderu na koye shi.

Girafin gawayi ne, irin na bakin fensir, amma shimfiɗaɗɗe, kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya. Kana ɗora siririn fallen jan ƙarfe a bututun gilashi, ka zafafa shi har ya kusa narkewa, ka sako iskar gas, gawayin ya kwanta a kai kamar raɓa. In ya kwanta sumul, lantarki na gudu a cikinsa ta ko'ina. In ya yi igiyoyi, irin na tafki idan iska ta shafe shi, sai ya miƙe a wani wuri ya tsuke a wani, ƙwayoyin lantarki su riƙa karkata kamar an kawo musu maganaɗisu, alhali babu ko ɗaya a ɗakin. Igiyoyi kowa na samu, barkatai. Namu a jere suka fito, tazara ɗaya. Lantarki ya bi tsawonsu a guje, ya ƙi tsallaka su. Abin da ya ɗaga sunan Dalia ke nan. Samfuri arba'in da ɗaya.

Ka'idar littafin aiki kuwa tun ranar farko ake koya maka ita. Da tawada kake rubutu. Ba a gogewa, ba a yage shafi. In ka yi kuskure ka ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta shi. Ƙarshen shafi ka sa hannu, wani ya karanta ya sa nasa a matsayin shaida. Shekara arba'in da huɗu ban yage shafi ba. Ɗalibai har cewa suke, in agogo ya saɓa da littafin Eino, a kai agogon gyara.

Littafi na goma sha bakwai ne na samfuran nan.

Kaina na ciwo.

Asabar, 11 ga Nuwamba, bayan azahar

Gus Tremblay ya zo. Shi ne yake hura mana gilashi a tsohon gini, a shekara guda muka bar aiki ni da shi, amma shi har yanzu yana leƙa jami'a ya sha kofin banza ya kwaso labari. Ya kawo burodin nama biyu, ya cinye ɗaya da rabi.

Ya ce, "Kai ɗan Finlan, har yanzu ba ka mutu ba? Na ga an rage farashin furanni, na ce bari in zo in duba."

Na ce, "Sai na binne ka tukuna, in ga ko kabari zai rufe maka baki."

Ya ce akwai wata mata a kwamitin, masaniyar lissafi, ta jera ranakun samfuran. Duk arba'in da ɗayan tsakanin Disamba da Fabrairu suka faɗo, hunturu biyu a jere. Ta ce wane irin girafin ne wannan mai bin kalanda? Sun ɗauka alama ce ta wanda ya zauna ya ƙirƙiri ranaku.

Gus ya yi dariya ya ce, "Ko sanyi yake so, irin ku 'yan Finlan?"

Na ce masa ya miƙo mini robar iskar da nake numfashi da ita. Ya miƙo, ya tsaya yana kallona.

Lahadi, 12 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Dalia ta zo da miyar wake, ba gishiri, Charmaine ta kai mata tsegumina. Ta ce sau goma sha tara ta toya da hannunta a sabon gini. Tanderun nan dai, jan ƙarfen nan dai. Ta bi littafi layi-layi: a kashe wuta, a bar shi ya huce a hankali, awa huɗu. Sumul.

"Eino, ka tuna da kyau. Babu wani abin da ka manta ba ka rubuta ba? Ko ƙarami ne. Ko sabulun da kake wanke hannu da shi."

Na ce, "Duk abin da na yi yana littafi."

Ta ce, "Na sani. Yi haƙuri, tsoho. Kaina ne ya ɗau zafi."

Ita ce ma ta ba ni haƙuri.

Litinin, 13 ga Nuwamba, da safe

Ban faɗa ba.

Laraba, 15 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Dusar ƙanƙara ta fara sauka. Na zauna ina kallon ta, sai Lorraine ta faɗo mini.

Hunturu biyu matata ta yi a gidan jinyar tsofaffi kafin ta rasu. Ta manta sunana, amma ba ta manta hannuna ba. In wani ya kai mata cokali sai ta datse haƙora. Ƙarfe huɗu da rabi ake ba su abinci, biyar a kwashe kwanuka. Toyi kuwa ba ya ƙarewa sai uku da rabi, kuma ba a barin tanderu da gas a ciki ba kowa a ɗaki. Awa huɗu na hucewa. Lissafin bai fita.

Wannan littafi nawa ne, babu mai sa hannu a ƙasa. To bari in rubuta.

Tanderun a kan layin ƙarfe yake. Ina kashe wuta sai in tura shi gefe, bututun ya fito fili da jan ƙarfen a ciki yana ja wur. Sai in ɗaga tagar da ke bayan teburin. Iskar tafkin da ke bayan ginin ta shigo ta bugi gilashin. Minti ashirin ya huce. In rufe gas, in rufe taga, in ɗauki hula. Jan ƙarfe in ya ji sanyi farat ɗaya tsukewa yake, girafin ba ya bin sa, dole ya tattare. Ranar farko na ɗauka na ɓata aikin. Washegari Dalia ta fito daga ɗakin madubin ƙara girman abu tana rawa a baranda, takalmi ɗaya a hannu.

A littafi na rubuta: an huce kamar kullum, awa huɗu. An hana buɗe taga a ɗakin, kuma in aka ji ina fita kafin lokaci za a ba wani tanderun. Na ce gobe zan gyara. Da maƙala ta fito, gyaran ya yi mini nauyi. Da Lorraine ta rasu aka koma sabon gini, wanda tagoginsa ba sa buɗuwa. Na ajiye aiki a bazarar.

Sau arba'in da ɗaya na rubuta kamar kullum.

Juma'a, 17 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Wasiƙa daga shugaban kwamiti, Farfesa Whitcomb. Saboda rashin lafiyata ba sai na je ba. Layi biyu kawai suke so, in tabbatar cewa abin da ke littattafan shi ne abin da aka yi. Ya ce kowa ya san amanata. Har da ambulan mai kan sarki ya haɗo.

In na sa hannu, littafi ya tsaya, ita ta faɗi, don hanya ta tabbata daidai kuma ba ta haifar da komai. In ban sa ba...

Na ajiye ta ƙarƙashin kwalbar magani.

Asabar, 18 ga Nuwamba, da hantsi

Wataƙila ba tagar ba ce. Wataƙila jan ƙarfen wancan lokacin ne ya bambanta. In haka ne, me faɗar za ta amfana?

Tagar ce.

Lahadi, 19 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Dalia ta rame. Ɗalibanta biyu sun nemi a canja musu malami. Ta ce ba ta ga laifinsu ba. A kanti, wani abokin aiki ya gan ta ya juya yana karanta bayan gwangwanin tumatir har ta wuce.

Ta gyara mini matashi, ta duba ma'aunin tukunyar iska, ta ce, "Ka san abin da ke riƙe ni? In na fara shakkar kaina, in ce ko mafarki na yi, sai in tuna rubutunka. Ni zan iya ruɗewa. Kai ba ka ruɗewa."

Na buɗe baki. Tari ya zo. Gaskiya tarin na gaske ne da farko, amma na ja shi ya fi tsawonsa. Ta kawo ruwa.

Za ta wurin mahaifiyarta bikin ranar godiya, ba za ta zo Lahadi mai zuwa ba. A bakin ƙofa ta ce, "Kada ka mutu kafin in dawo, ka ji? Ba ni da lokacin jana'iza."

Duk duniya ita kaɗai ke zuwa gidan nan ba don aiki ko don burodin nama ba.

Talata, 21 ga Nuwamba, ƙarfe uku na yamma

Wajen sha ɗaya na safe numfashi ya ɗauke. Na faɗi tsakanin kujera da tebur, robar ta fice daga hancina, ina ganin ta ba na iya kaiwa. Ban san tsawon lokacin ba. Abin da ke raina a ƙasan nan ba Lorraine ba ce, ba Allah ba ne, Ya gafarta mini. Cewa nake, in na tafi yanzu, babu wanda ya san tagar nan a duniya.

Da ƙafa na jawo robar.

Ban gaya wa Charmaine ba, za ta sa a kwantar da ni asibiti.

Alhamis, 23 ga Nuwamba, bayan azahar

Gus ya kawo naman talotalon bikin godiya daga gidan 'yarsa. Kafin ya zauna na gaya masa, duka, ina kallon bango.

Ya ajiye naman a tebur. Can ya ce, "Dama na ce. Hunturu biyu ina yi maka sabon bututu kusan duk wata, suna tsagewa a wuri ɗaya. Na ce mutumin nan ko a firji yake toyi."

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"A tambayi ɗan Finlan? Gara in tambayi tanderun."

Ya zuba kofi, ya ce, "Amma ka san ba kai kaɗai za ka sha ba. Wa ya sa hannun shaida a shafukan nan?"

Na sani. Dalia ce. Duk Juma'a nake kai mata littafin, ta sa hannu tana magana a waya, ko kallon shafin ba ta yi. Shaida kuwa cewa yake na karanta, na gane, haka aka yi. Da ta duba ko sau ɗaya, da ta ga lokacin kashe wuta uku da rabi, ga ni kuma kowa ya san huɗu ba ta same ni a gini. Ba ta duba ba saboda ni ne.

Gus ya ce, "Za ka fitar da ita daga rijiya ka tsoma ta a kwata. Amma kwata ana fita. Kira ta, tsohon banza."

Na ce sai ta dawo. Ya ce, "Kwana takwas ya rage. Kai kuma ban ga alamar kana da tara ba."

Lahadi, 26 ga Nuwamba, da rana

Gida shiru. Na rubuta wasiƙar kwamiti sau huɗu. A ukun farko Lorraine ta yi yawa a ciki, kamar ina tura ta gaba ta roƙa mini. Na huɗun babu ita. Lokaci, taga, minti, da cewa Dakta Marchetti ba ta sani ba.

Litinin, 27 ga Nuwamba, ƙarfe goma da rabi na safe

Na kira Dalia. Ta ɗauka tana cewa, "Tsoho, lafiya? Ba ka kira da safe."

Na faɗa. Ban yi tari ba.

Sai muryarta ta koma irin wadda take yi wa mai kawo kaya.

"Wace taga?"

"Ta bayan tebur, mai kallon tafki."

"Buɗewa nawa?"

"Tafin hannu biyu. Ina tokare ta da katakon awo."

"Tazararta da bututun?"

"Taku ɗaya da rabi."

"Gas a buɗe ko a rufe?"

"A buɗe, sai ya huce."

Ina jin alƙalaminta yana tafiya. Ta tambayi minti, ta tambayi ko ina tura tanderun gaba ɗaya ko rabi. Duk na amsa. Wannan ɓangaren ya yi mini sauƙi, kamar muna aiki.

Sai ta ce, "Ranar sha biyu ga wata na tambaye ka. A kujerar nan."

Na ce e.

"Na ba ka haƙuri."

Na ce e.

"Da ka gaya mini tun lokacin Lorraine, da ni zan riƙa tsare maka tanderun. Ka san haka?"

Ban sani ba. Ko na sani. Na ce, "Yarinya..."

Ta ce, "Kada ka ce mini yarinya yau. Ka aika musu wasiƙar. Za mu yi magana Lahadi."

Gus ya zo da azahar ya kai wasiƙar da hannunsa.

Laraba, 29 ga Nuwamba, da safe

Sanyi ya sauko sosai, irin mai daskarar da gashin hanci. Ban taɓa yi wa sanyi addu'a ba sai yau.

Ba ta kira ba.

Alhamis, 30 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana

Charmaine ta ce jinina ya hau, me nake tunani? Na ce siyasa. Ta ce, "Ƙarya ba ta yi maka kyau, Mista Rautio, ba ka iya ba." Na ce ta tambayi jami'a.

Juma'a, 1 ga Disamba

Ƙarfe tara. Sun shiga zaman kwamiti.

Sha ɗaya. Na ɗaga waya in ji ko tana aiki. Tana aiki.

Ƙarfe huɗu. Ba kowa.

Asabar, 2 ga Disamba, ƙarfe biyu na rana

Gus ya zo da mura. Ya ce ran Laraba shi da Dalia suka tura tanderun a kan amalanke zuwa ƙofar sauke kaya ta bayan sabon gini, suka ɗaga ƙofar tafin hannu biyu. Bututu ɗaya ya tsage. Na biyu ya riƙe.

Na ce, "To?"

"Bari in sha kofi mana."

"Gus."

"Sun fito. A jere, kamar an taje su. Ta auna lantarkin ran Alhamis, ya bi tsawo ya ƙi tsallake. Hoton ta ajiye musu a tebur tare da wasiƙarka."

Na rufe ido. Na daɗe ban ji iska ta kai ƙasan ƙirjina haka ba.

Sauran bai san shi duka ba, a baranda ya tsinta. Zancen zane a kwamfuta ya mutu. Amma za a janye maƙalar, tunda hanyar da ke ciki ba ita aka bi ba. An buɗe mata littafi na sha bakwai, shafi bayan shafi, ana nuna mata sa hannunta ana tambaya ko ta karanta. Sau arba'in da ɗaya ta ce a'a. Za a sa mata takardar gargaɗi a fayil. Zancen tabbatar da ita a aiki an ɗage shi, ba a ce sai yaushe ba. An kuma ce a binciki sauran littattafaina, tun daga na ɗaya.

Su bincika. Sauran goma sha shidan babu komai a ciki. Sai dai yanzu wa zai yarda don ni na faɗa?

Na ce, "Ta ambace ni?"

Ya fyace hanci. Ya ce, "Da igiyoyin suka fito a madubi ta ce, shegen tsoho, hannunsa na zinariya ne."

"Sai me?"

"Sai ta shiga banɗaki ta daɗe."

Lahadi, 3 ga Disamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ƙafar ta ɗan saɓe. Na yi aski, na yanke haɓa wuri biyu. Na fita da tukunyar iska a hannu na watsa yashi a matakala saboda santsi, hawa uku, na huta sau biyu. Ƙarfe biyu Dalia take zuwa.

Ba zan kare kaina ba. In ta zauna, zan ji duk abin da ta zo da shi. In ba ta zauna ba, a tsaye ma zan ji.

Ƙarfe uku da kwata

Wata mota ta rage gudu a bakin gida. Maƙwabta ne, sun sayo bishiyar Kirsimeti.

Ƙarfe biyar

Dusar ƙanƙara ta sake sauka ta rufe yashin. Babu sawun kowa a kai. Na kunna fitilar waje, ko da yake ta san hanya.

Dalia ba ta zo ba.